Tantabarun da Ke Cinye Abincin Mama

Na kula da tsofaffi da dama a birnin nan na New York, wasu har fuskokinsu sun fara ɓace mini. Amma abin da ya faru tsakanina da wata tsohuwa 'yar Indiya a Parkchester, wannan kam yana nan daram a raina, ba na jin zai taɓa gogewa.

Kafin in zo Amurka, karanta labarai nake yi a wani gidan rediyo a gida. Da na zo nan ba mai neman muryata, sai na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ɗabi'a ɗaya ta biyo ni daga rediyo: ba na fara rubutu sai na sa kwanan wata biyu, na Bature da na Musulunci, kamar yadda muke buɗe labaran safe. Har a littafin da nake rubuta awon majinyata haka nake yi. Wata abokiyar aikina 'yar Kumasi takan yi mini tsiya, wai ko likitan Bronx ne zai duba Rajab?

Tsohuwar ta haura saba'in, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a hawa na biyar. Ɗanta yana can nesa da iyalinsa, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini mai rediyo. Cuta huɗu take fama da su: sukari, hawan jini, ciwon gwiwa, ga ƙoda da ta fara rauni. Kowace cuta da likitanta, kowane likita da ƙwayoyinsa. Abin bai hana ta raha ba. "Mai rediyo," takan ce, "ni da ƙawayena idan mun haɗu a wurin ibada ba ma fara tambayar jikoki. Cewa muke, ke nawa gare ki yanzu? Mai cuta biyu ai yarinya ce, ita ke kawo mana shayi."

Sai jiri ya fara kwasarta. Sau huɗu cikin wata biyu sukarinta ya yi ƙasa warwas da rana tsaka, a na ƙarshen har ta faɗi a kicin ta fasa goshi. Aka yi gwaje-gwaje, ba a ga dalili ba. Tana shan magani a kan lokaci, farantinta kullum tas nake ɗauke shi. Ɗan nata ya zo hankali a tashe, ya ce idan ta sake faɗuwa, gidan tsofaffi zai kai ta, har ya je ya duba wani. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma ranar na ga Mama tana kallon kicin ɗinta, da gwangwanayen yajinta, da ɗan lungun da take ibada. Ta ce mini a hankali, "Can ba za su bar ni in kunna ko turare ba."

A jirgin ƙasa mai lamba shida ina komawa gida na buɗe littafina ina bin ranakun da abin ya faru. Wata Talata, wata Laraba, wata Alhamis, ba wani tsari. Sai idona ya sauka a layi na biyu, na kwanan watan Musulunci. Sha ɗaya ga wata. Ashirin da shida. Goma. Ashirin da biyar. Na sake dubawa. Cuta ba ta san tsayuwar wata ba. Abin da na sani yana bin wata haka, ibada ce. Kuma gobe goma ga wata.

Washegari na ajiye mata waina irin tasu da miyar wake, na riƙe ƙwayar sukarin a aljihuna, na ce zan sauka ƙasa wurin injin wanki. Na buɗe ƙofa na rufe, na laɓe a bayan labule. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta sakat, sai ga ta ta miƙe zumbur, ta ɗaga taga. Tantabaru sun fi goma suna jira a bakin tagar, ƙosassu, kamar an aika musu takardar gayyata. Ta gutsuttsura musu wainar, miya kuwa ta juye a kwano ta tura can bayan firji.

Na yi gyaran murya. "Mama, ashe baƙi gare mu?"

Ta juyo, ko kunya babu. "Ke ba wanki kika tafi ba?"

Nan ta faɗa mini. Azumi take yi sau biyu a wata, a lissafinsu rana ta sha ɗaya bayan tsayuwar wata da ta sha ɗaya bayan cikarsa. Wurin mahaifiyarta ta gada. Ɗanta ya hana ta tun da aka ce tana da sukari, ta daina na ɗan lokaci, zuciyarta ta ƙi, ta koma a ɓoye. Magani kuwa ba ta taɓa tsallakewa ba. "Na ba Ubangiji nasa, na ba likita nasa," in ji ta. "Ina laifina?"

"Laifin shi ne ƙwayar nan ba ta san kina azumi ba. Mama, a wurinmu an ɗauke wa mara lafiya azumi."

Ta harare ni. "To ke fa? Ba ƙwayar hawan jini na gani a jakarki ba? Litinin da Alhamis bakinki a bushe kike zuwa, kina tsammani ban lura ba?"

Muka kwashe da dariya. Da dariyar ta lafa ta kama hannuna, ta ce kada in gaya wa ɗanta. Na ce ba zan iya ɓoyewa ba, amma na fi son ta faɗa wa likita da bakinta, ni zan raka ta da littafina. Ranar dai ta yarda ta sha madara da ayaba, ashe azumin nasu hatsi ya fi hanawa, ita ce ta tsananta wa kanta.

Likitar sukarin ta daɗe tana kallon layin nan na biyu. Ta tambaye ni wane irin kalanda ne wannan, na yi mata bayani. Ta juya ga Mama ta ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Mama ta ce, "'Yata, ku huɗu ne, ba wanda ya tambaya." Likitar ta tsara mata yadda za ta sha magani a ranakun azumi da abin da za ta riƙa taɓawa, ta kuma kira ɗan da kanta. Ya yi faɗansa, ya huce. Har na bar aikin gidan Mama ba ta ƙara faɗuwa ba, turarenta kuma ya ci gaba da tashi a hawa na biyar. Tantabaru ne kawai suka yi asara. Ni ma a makon na je na gaya wa likitana maganar Litinin da Alhamis.

Tun daga lokacin, duk tsohuwar da aka haɗa ni da ita, nakan karanta jerin cututtukanta, in ajiye takardar, in zauna in tambaye ta yadda take rayuwa: me take ci, me take bari, kuma saboda wa. Likitoci huɗu kowa ya san nasa ɓangaren na jikin Mama sarai. Abin da ke kayar da ita kuwa yana bakin taga, jiran mai tambaya kawai yake yi.