Ƙoƙon Baffa a Rumfar Zaɓe

Jiya da hantsi na tarar an liƙa min hoton ɗan takarar majalisa a jikin katanga. Ina dubawa na gane shi. Shi ne mutumin da ya kunyata Baffa, yayan mahaifina.

Baffa bai yi boko ba, ni ma haka. Amma duk ranar zaɓe sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, can ƙauyenmu wajen Taura, da ƙoƙo a gabansa. In an fara ƙirga, duk ƙuri'ar da aka ɗaga ta jam'iyyarsa sai ya jefa tsakuwa ɗaya. Har yau ina jin ƙarar, ƙwas, ƙwas.

Ranar zaɓensa na ƙarshe na kai masa fura, na tarar adadin ƙuri'un da aka rubuta bai kai yawan tsakuwarsa ba. Wakilin jam'iyyarsu ne ya sa hannu, wannan na hoton. Baffa ya ɗora ƙoƙon a tebur ya ce, "A sake ƙirgawa."

Wakilin ya yi dariya ya ce, "Haba Baffa, nan ba wajen dara ba ne." Ya sa bayan hannu ya ture ƙoƙon. Dattijo ya durƙusa yana tsintar tsakuwarsa a gaban jama'a. Bai ƙara taka rumfar zaɓe ba har ya koma ga Allah.

Yanzu mutumin ya canja jam'iyya yana neman ƙuri'ar mata. To, gidan suna da gidan biki, ba inda zan zauna ban ba da labarin nan ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya ara min kwana in ji faɗuwar mutumin nan da kunnena.