Rigar da Gwaggo Ba Ta Wanke Ba

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, mai wanki da guga ce, kuma ba ta taɓa sa alama a jikin kayan kowa ba. Da hanci take aiki. Kafin ta jefa riga a ruwa sai ta shinshina wuyanta, ta ce wannan ta mai gyaran babur ce, wannan kuma ta malamin nan da ke shan taba a ɓoye yana zaton matarsa ba ta sani ba. Daga nan ta riƙe ke nan, ko an wanke an goge ba ta haɗa kayan wani da na wani. Ba ta da tsawo, amma muryarta ta ishi layin gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin ta ce "wataƙila" ba.

Gidanta ɗaki biyu ne da ɗan sito, sai tsakar gida da igiyoyin shanya suka ratsa ta ko'ina, da teburin guga a ƙarƙashin rumfa. Tun rasuwar mijinta, wanda kafinta ne, ita da maguna biyu ke zaune a ciki. Akwai 'Yar Baƙa, marar kunya mai bin kowa. Akwai kuma Alƙali, tsohon muzurun marigayin, wanda ke kallon mutum kamar ya riga ya yanke masa hukunci. Alƙali yana kwana a kwando ƙarƙashin teburin guga, a kan wata tsohuwar rigar aiki ta kafintan. A gidan da ko tsumman goge ƙafa sai an wanke an ninke, wannan rigar kaɗai ce ruwa bai taɓa ba. Na sha ganin Gwaggo ta durƙusa kamar tana neman wani abu a ƙasa, ta kai rigar hancinta, ta mayar.

Da aka fara yashe mata kayan mutane daga kan igiya da rana tsaka, ɗanta da muke kira Direba ya iso da kwali a hammata. Ɗan kwikwiyo ne a ciki, ja, kunnuwansa sun fi kansa girma.

"Mama, ko dai wannan ya zauna ya yi gadi, ko ki rufe wankin nan ki dawo wurina," in ji shi. "Kuma kin san mai gidan da nake haya ba ya yarda da mage."

"Zai zauna, su ma za su zauna, ni ma ina nan," ta ce, ko ɗago kai daga guga ba ta yi ba.

Da ya tsaya nan da an huta. Amma Direba mutum ne mai son a gama komai kafin injin mota ya huce. Ya sunkuci Alƙali, ya kai shi hanci da hanci da kwikwiyon, wai su gaisa. Gaisuwar ta ƙare da yakushi a bayan hannun Direba, layi-layi. Alƙali ya haye saman tankin ruwa ya zauna, ya juya wa gidan baya.

"Ka ga aikinka?" Gwaggo ta ce. "Kai in aka ɗauko ka aka manna fuskarka a ta baƙo, gaisuwa za ka yi? Tafi ka sa magani, ka bar min gidana."

A lokacin ina zuwa kama mata aiki da rana, don haka a gabana aka yi sauran. Ta rufe kwikwiyon a sito, ta sa masa suna Ɗan Haya, ta ce sai masu gida sun amince zai samu wani sunan. Kwanon abincin magunan ta matso da shi kusa da ƙofar siton, yadda za su ci suna jin numfashinsa ta ƙasan ƙofa. Sannan ta goge jikinsa da tsumma ta ajiye a gefen kwanon.

"Dabba da hanci take sanin nata, kamar ni," ta ce min. "Su san warinsa tukuna, ido ya biyo baya."

Dabarar ta yi, sai dai hannunta ya ci amanarta. Duk tsumman da ta ajiye, kafin la'asar za ka gan shi fes a kan igiya. Ita da kanta ke wankewa ba ta sani ba. Ranar da ta kama kanta tana matse shi, ta tsaya ta dube shi, ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce in ɗaure mata hannu in na sake gani.

Da tsumman ya samu ya kwana da warinsa, 'Yar Baƙa ba ta ɓata lokaci ba. Ta shinshina, ta yi tsaki irin nasu, ta ci abincinta, ba a jima ba har tana zura hannu ta ƙasan ƙofa tana tsokanar Ɗan Haya. Alƙali kuwa ko kallo. Yakan sauko ya lashi ruwa ya koma, abinci sai ya ga dama, har ƙasusuwan bayansa suka fara fitowa. Kwandonsa ma ya daina shiga. Direba yana bugo waya yana cewa tsohon muzuru ba ya canza hali, ta tattara kawai. Ni kaina na tsorata, na ce mata ko a mayar da karen.

"In ya tafi, ni ma na tafi, Alƙali kuma ya kwana a titi," ta ce. "'Yar nan, miƙo min kwandon can."

Ta ciro rigar kafintan ta riƙe. Na gane abin da take shirin yi, na ce, "Gwaggo, fitsari zai yi mata fa."

"Na sani."

Ta shiga sito ta shimfiɗa wa Ɗan Haya ita. Ya tattaka, ya ciji maɓalli, ya murɗe a kai ya yi barcinsa. Ta bar shi yana kwana a kanta har ƙamshin garin katako da na man gashin marigayin suka kama gashinsa.

Wata rana da hantsi ta fito da shi, ta ɗaure shi da gajeriyar igiya a ƙafar rumfa nesa da shanya, rigar a ƙarƙashinsa. Ta hana ni motsi, ta ci gaba da guga. Alƙali ya daɗe yana kallo daga saman tanki. Can ya sauko ta kan buta, ya zagayo ta bayan bahon wanki, yana tafe yana tsayawa. Ɗan Haya ya miƙe zai yi wasa, Alƙali ya ɗauke shi da mari ɗaya a hanci, babu farce. Kwikwiyon ya kwanta ya yi lamo. Tsohon ya shinshina kunnensa, ya shinshina wuyansa, ya daɗe a wurin. Sannan ya juya ya kwanta a kan hannun rigar, ya lumshe ido.

"Kira min Direba," Gwaggo ta ce. "Ki ce masa ya nemi wanda zai ba ɗakin da ya share min."

Yau Ɗan Haya ya zama ƙaton kare, sunan bai canza ba, ko safa ba ta sake ɓata a kan igiya ba, kuma har gobe sai Alƙali ya gama ci yake matsowa. Amma ni abin da ya tsaya min shi ne yammacin wannan ranar. Da dabbobin suka tashi, Gwaggo ta durƙusa ta ɗauki rigar, ta kai wuyanta hanci kamar yadda ta saba. Ta juya ta, ta gwada hammata, ta gwada aljihu. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

"Babu shi a ciki kuma," ta ce.

Ta mayar da rigar inda take a ƙasa, ta gyara mata hannu, ta koma teburinta. Wani abu ya ɗiga a kan farar rigar mai gyaran babur, ta bi ta kai da dutsen guga, ta ce in miƙo mata ta gaba.