Arvid Mai Motar Shara da Abincin Gidan Lowell

Arvid Haugland ya shekara talatin da ɗaya yana kwashe sharar garinmu, Rosvik, a jihar Dakota ta Arewa a Amurka. A wata gona aka haife shi, shi ne auta cikin maza huɗu. Da gonar ta kuɓuce wa mahaifinsu, yayyensa suka watse birane, shi kuwa ya tsaya da mahaifiyarsa har ta rasu. Ya ɗan taɓa aikin layin dogo, daga nan ya karɓi makullin motar shara. Bai yi aure ba. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, kullum da farar riga tas a ƙarƙashin kayan aiki. Ya san wanda ya koma shan giya a ɓoye, ya san gidan da ake sa ran haihuwa tun kafin kakanni su ji, amma ba a taɓa jin zancen wani gida a bakinsa ba. Muna yara, idan motarsa ta wuce mukan toshe hanci muna dariya, shi kuma ya ɗaga mana hannu.

Na bar gari ina da shekara goma sha takwas, na yi shekara tara a Turai ina karatun abinci da lafiyar jiki. Da na dawo sai aka laƙaba mini Dokta, alhali ni ba likita ba ce. Nola sunana, 'yar Gunnar. Ina ta neman abin da zan yi a san na dawo da amfani, sai aka ce za a yi wa Lowell Brekke aiki a ƙashin wuya. Lowell tsohon manomi ne, shi da matarsa Marlys kaɗai ne a gida.

A wurinmu idan ciwo ya shiga gida, abinci ake kaiwa. Kowace mace da ranarta, a kai da zafinsa ƙarfe biyar da rabi na yamma, mai gida ta wanke kwano ta mayar da shi tare da 'yar takardar godiya. Ardis, matar da ta shekara ashirin tana riƙe da jerin sunayen a coci, ta gaji, sai na karɓa. Na mayar da jerin cikin waya, kowa ya zaɓi ranarsa. Kafin aikin na tambayi Marlys abin da mijinta ya fi so, na rubuta a sama: gasasshen naman sa da albasa, dankali da man shanu, waina mai tuffa.

Aikin bai tafi daidai ba. An taɓa jijiyar haɗiya. Lowell ya dawo gida da roba a ciki, ta nan ake zuba masa abinci, ko ruwa an hana shi sha ta baki. Na ji labarin, kuma na fi kowa a garin sanin ma'anarsa. Abin da na yi shi ne na tsawaita jerin daga mako biyu zuwa wata uku, na ce ai Marlys tana bukatar ƙarfi. Layin nan na sama ban goge shi ba, ban ma sake kallonsa ba. Ranakun suka cika cikin kwana biyu, na yi ta jin daɗi.

Wata Talata da safe, mako na shida, Arvid ya tsayar da mota a ƙofarmu, ya sauko, abin da bai saba ba.

"Dokta, ko kina da minti biyu?"

"Baba Arvid, na ce ka daina ce mini Dokta."

"To, 'yar gidan Gunnar. A can makarantar taku, an koya muku kwano nawa tsohuwa ɗaya take ci a rana?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya cire safar hannu ya riƙe.

"Na san nauyin sharar gidan mutum biyu," in ji shi. "Ta gidan Lowell mako biyar ke nan sai na sa hannu biyu. Ban buɗe ba, ba na buɗe ta kowa. Amma ina da hanci."

"Zubarwa take yi?"

"Ni ban ce ba."

"To me ya hana ta ce a daina?"

"Ke za ki iya kallon idon Ardis ki ce ba kya son girkinta? Ta ba wa? Kowace mace a garin nan ta san dankalinta ko a duhu." Ya mayar da safar hannunsa. "Je ki da biyar da rabi ki gani. Kada ki ce ni na aiko ki."

Na je tun biyar da kwata, rana tana sama. Motar shara na tarar a ƙofar gidan, Arvid yana tallafe da Lowell yana taimaka masa hawa. Lowell ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, muryarsa ta dusashe.

"Kai, Arvid, wannan akwalar taka wari take kamar mushe."

"Ai shi ya sa kake nemana, tsoho. A nan ba abin da zai tsinka maka yawu."

"Wa kake ce wa tsoho? Da wata huɗu kawai na girme ka."

"To, Yaya, ɗaga ƙafar."

Daga baya na ji mako uku ke nan Arvid yake zuwa kullum a wannan lokacin. Yakan ce yana neman wanda zai raka shi duba hanyar juji, su zagaya gonakin alkama, Lowell yana kushe noman mutane, su dawo bayan awa ɗaya.

Ina cikin falo da Marlys aka ƙwanƙwasa. Matar da take da ranar ce, da kwano a naɗe cikin tawul. Gasasshen naman sa da albasa. Ƙamshin ya cika gidan nan take, har wurin kujerar da Lowell yake wuni a kai, taku uku daga ƙofa. Marlys ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ce ai Lowell zai ji daɗi an tuna da shi. Da ta rufe ƙofa ta tsaya da kwanon a hannu kamar ta manta inda ake ajiyewa.

Na ce, "Anti Marlys, na san ba a ci."

Ta zauna a hankali.

"Kin tuna lokacin da aka mayar da shi asibiti, aka ce ciwon huhu ne?" in ji ta. "Irin wannan naman ne. Na fita shanya, na bar shi a kan tebur. Cokali ɗaya ya kai baki, Nola, cokali ɗaya. Na shigo na tarar da shi a ƙasa, fuskarsa ta canza launi. Likita ya ce idan aka sake, ba lallai a yi sa'a ba. Tun ranar ko firji ba na sa shi, yana ji yana gani. Ta ƙofar baya nake fita da shi. Ni kaina a tsaye nake cin biskit a ɗakin wanki."

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Ke ce kika yi karatun. Na ɗauka kin sani, kin ga dai haka ya fi." Ta kama hannuna. "Don Allah kada matan nan su ji na zubar. Da su zan tsufa."

Na karɓi kwanon na tafi da shi gida, na kasa ci.

Ranar Lahadi bayan addu'a, ana shan kofi a ɗakin taro na coci, na miƙe. Na ce an rufe jerin daga yau. Na ce Lowell ba ya iya haɗiyar komai, na sani tun farko, kuma ni ce na bar sunayen abincin da yake so a sama, ana ta kai masa abin da zai iya kashe shi. Laifina ne ni kaɗai. Na ɗauka shi ke nan.

Ardis ta ajiye kofinta. "To, Dokta, mun ji. Amma kwano kusan arba'in muka kai gidan nan, kuma kowanne a wanke ya dawo. Marlys kuwa ga ta nan kamar tsinke. Wa ya cinye?"

Ban shirya wa wannan ba. Marlys tana zaune kusa da taga, ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja.

"Ni ne."

Arvid ne, daga can baya inda yake tsayawa kusa da ƙofa.

"Ni nake cinyewa," in ji shi. "Gwauro ne ni, na roƙe ta, ta ji kunyar hana ni. Naki ma, Ardis, gishiri ya ɗan yi yawa."

Maza biyu suka yi dariya. Matan ba su yi ba. Ardis ta ce, "Abincin mara lafiya, Arvid? Ka ji kunya." Ya ce, "Na ji," ya ci gaba da shan kofinsa.

Ni kaɗai ce a tsaye a tsakiyar ɗakin, kuma na san ƙarya yake yi. Idan na wanke shi, na tona Marlys. Na duba ko akwai wata magana ta uku da zan iya faɗa, ban samu ba, ko kuma ban nema da gaske ba. Na zauna.

Abinci ya daina zuwa. Matan suka koma yi wa Marlys wanki da yankan ciyawa da kai su asibiti, Lowell kuma bayan wata bakwai ya fara haɗiyar kunu. Amma an daɗe ana kiran Arvid da sunan da ba zan rubuta ba, kuma shekara biyu ba a sa shi cikin masu rabon abinci a bikin girbi na coci ba. Na same shi sau ɗaya a juji na ce zan faɗi gaskiya. Ya ce, "Gaskiyar wa? Taki ce?" Ya ci gaba da aikinsa.

Bara Marlys ta ce in rubuta labarin nan, da sunanta da komai. Na kai wa Ardis takardar da kaina kafin kowa ya gani. Ta karanta a bakin ƙofa, ta ninke, ta tambaye ni ko har yanzu Arvid yana zaune a gidan mahaifiyarsa. Na ce yana nan. Ta shiga ɗauko makullin mota, ta bar ni a tsaye.