Inna Ardis da Takardar da Ke Dawowa Daga Gona

Kula biyu na abinci, ja da fara. Filas uku na kofi. Tuffa a bokiti. Kwandon wanki, babu komai a ciki. Kwalbar kokwamba mai tsami. Abin da muka ɗauko ke nan a bayan tsohuwar motar Inna Ardis Vangen, muna kan hanyar tsakuwa da ta ratsa gonakin masara a yammacin jihar Minnesota ta Amurka, ni a sitiyari, ita a gefe, hannuwanta a kan cinya kamar kayan aro.

"Taka mana, Farfesa," ta ce. "Ko a can ƙetare ba a koya muku inda totur yake ba?"

Jiya-jiya ta gama yi mini faɗan gudu. Na dube ta, ba ta dube ni ba. Na taka.

Farfesa take kirana tun da na dawo. Sunana Britta. Na yi karatu a Sikotilan, na zauna can ina aikin ofis, na dawo bana saboda aikin ya ƙare, ba don kewar masara ba. Yayana Lowell ne ke riƙe da gonar mahaifinmu. Da ya ga ina zaune, sai ya ce in riƙa tuƙa Inna Ardis, don ciwon gaɓoɓi ya murɗe mata yatsu. Ba 'yar'uwarmu ba ce. Maƙwabciya ce da mahaifinmu ya ɗauka tun kafin a haife ni, ta riƙa haɗa wa masu girbi abincin rana a kicin ɗinta. Wannan ne girbinta na ƙarshe, kuma Lowell ya riga ya yanke hukunci: daga baɗi, kowane ma'aikaci ya tsaya a kantin gidan mai ya sayi sanwicinsa a leda.

"In ba haka ba wa zai yi?" ya ce mini. "Ke?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Sanwicin dai burodi ne da naman talotalo da cuku. Ban ga abin da za a rasa ba.

Ga yadda ranarta take. Da yamma take gasa talotalon, ta bar shi ya kwana a firij, don nama mai ɗumi ba ya yankuwa, sai dai ya dagargaje. Da hantsi ta jera burodi a tebur, ta shafa bota a kowane yanka har baki. Ta ɗora cuku, ta ɗora nama a lanƙwashe, ba a shimfiɗe ba, ta sa kokwamba a tsakiya, ta ƙara nama, ta ƙara cuku, ta rufe. Bana ni ke yanka naman, ita tana tsaye a kaina.

"Me ya sa cuku sama da ƙasa?" na tambaye ta ranar farko.

"Katanga ce. Ruwan kokwamba ya tsaya a tsakiya. So kike mutum ya buɗe ya tarar da kunu?"

"Naman fa, me ya sa ake lanƙwasa shi?"

"Don haƙori ya ratsa. In kin shimfiɗa shi, cizo ɗaya zai zaro shi gaba ɗaya ya faɗi a cinyar mai tuƙi."

"Tumatir fa?"

"Tumatir na masu ci a tebur ne. Yanka, Farfesa. Tambayarki ta fi wuƙarki kaifi."

Naɗin ma da nasa tsarin. Takarda take amfani da ita, ba leda ba, kuma tana barin kunne ɗaya a waje. Mai tuƙi ya ja kunnen da babban yatsan dama, rabin burodin ya fito, hannun hagu bai bar sitiyari ba. A lokacin girbi babu mai kashe inji don cin abinci idan an ce dusar ƙanƙara na tafe.

Duk wannan na gane shi. Abin da ban gane ba shi ne kwandon wanki. Kowane ma'aikaci yana da ƙaramin akwatinsa na ƙarfe, kuma dokar Inna Ardis guda ce: ba a yar da komai a gona. Takarda, ɓawon burodi, ragowar tuffa, duk su koma cikin akwati, akwatin ya koma kwando, Lowell ya ajiye mata kwandon a ƙofa da safe. Ma'aikata sun ɗauka rowa ce. "Kajinta take kiwo da guminmu," in ji Lowell. Sai dai ni da ke shiga gidan kullum, na lura akurkin babu kaza ko ɗaya. Ciyawa ma ta fito a ciki.

Abin da take yi shi ne, kafin a wanke akwatunan sai ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta duba, ta rufe bakinta. Na je na tambayi Eusebio, wanda ya fi kowa daɗewa a kan injin girbi.

"Karanta mu take yi," ya ce. "Shekarar da matata ta tafi Texas jinyar uwarta, ba na girki da dare. Ban gaya wa kowa ba. Amma tuffa har ƙwallon nake cinyewa. Ana nan sai na fara ganin sanwici na uku a ƙasan akwati, an naɗe shi sau biyu don ya kai dare. Da matata ta dawo, sai ya daina zuwa. Har yau ba mu taɓa yin maganar ba. Akwatin ne ya kai ƙarata."

Safiyar ranar da nake ba da labari, tana cikin buɗe akwatunan sai ta tsaya a kan ɗaya.

"Zo ki gani."

"Takarda ce," na ce.

"Ta Orlin ce."

Kawu Orlin wan mahaifiyarmu ne, ya haura saba'in, shi ke jan babbar mota daga gona zuwa rumbun hatsi na gari. Tun da matarsa ta rasu, motar nan ce kaɗai ke fitar da shi daga gida. Kowa ya san halinsa da takardar naɗi: in ya gama ci sai ya ninke ta ƙanana kamar hankicin zuwa biki, ya ajiye a kusurwar akwati. Ta ranar a duƙunƙune take. Ba a ja kunnen ba. An yage ta daga gefe, ga shatin haƙora.

"Wataƙila sauri yake," na ce. "An ce dusar ta kusa."

"Shekarar da ta binne mana rabin gona ma sai da ya ninke. Mutum ba ya cizon takarda in yatsansa na aiki." Ta ɗauko kwalbar kokwamba daga firij, wadda ba ta taɓa kai ta gona ba. "Ɗauko makulli. Yau da wuri za mu."

Dalilin takawar ke nan.

Muka isa bakin gona, ma'aikata suka taso suna karkaɗe huluna. Eusebio ya ce, "Inna, yau agogonki ya sha kofi ne?" Ba ta kula shi ba. Ta bar ni ina raba akwatuna, ta wuce inda babbar motar take jiran lodi. Na ɗauki akwatin Kawu na bi ta. Yana zaune a ciki, bai sauko ba.

"Sauko, tsoho," ta ce, "ko sai an kawo maka tsani?"

"Ji mai kirana tsoho. Ke da kika ga ranar da aka shuka itacen bakin cocin garin nan."

"Na gani, kai ne ka taka shi ya karkace. Sauko ka buɗe mini kwalbar nan, yatsuna sun ƙi."

Ya sauko a hankali, yana riƙe ƙofa da hagu. Ya karɓi kwalbar da hagu, ya tokare ta a ƙirji, ya ɗora dama a kan murfin. Hannun ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa.

"Wane ƙato ne ya ɗaure wannan?"

"Ni ce," ta ce, ta ɗaga masa murɗaɗɗun yatsunta. "Da waɗannan."

Can nesa injin girbi yana ta cin masara.

"Tun yaushe, Orlin?"

"Jiya da rana. Barci kawai hannun ya yi, zai farka." Ya dubi inda Lowell yake tsaye. "Ardis, kada ki gaya wa yaron nan. In ya karɓi makullin ba zai mayar mini ba. Me kike so in zauna in yi a gida, in ƙirga bango?"

"Ba zan gaya masa ba. Kai za ka gaya masa, bayan likita ya gan ka."

"A bari a gama girbin."

"Motar 'yan makaranta hanyar rumbu take bi da yamma, in hannun ya ƙi maka a kan sitiyari fa? Ka fi ni sani, kullum kana ɗaga wa direban hannu."

Ta juya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Lowell! Na ari kawunka, ina da kaya mai nauyi a gari."

"Haba Inna, ana tsakiyar aiki? Ga Britta nan."

"Britta littafi kawai take iya ɗauka. Nemo wani ya ja motar."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, ni aka yi wa, kuma babu wanda ya kalli hannun Kawu sa'ad da yake shiga bayan motarmu.

A asibiti likita ta ce wata 'yar jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, kuma babbar tana iya biyowa a kowane lokaci. Suka kwantar da shi. Da bakinsa ya gaya wa Lowell, ya miƙa makullin. Ko zai sake tuƙi, likita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Bai gode wa Inna Ardis ba. Da aka sallame shi ma ƙin ɗaukar wayarta ya yi. Ita kuwa sai ta ci gaba da haɗa akwatinsa kamar kullum, ina kai masa gida, ina dawo da na jiya. Da farko takardar a duƙunƙune take dawowa. Daga baya ta fara dawowa a ninke, ninkin a karkace kamar na mai koyo. Ta ɗaga ta ta duba a hasken taga, ta ce, "Yana fushi, amma yana motsa hannun."

Inna Ardis, ban iya yabo ba, kin sani. Abin da na gani kawai zan faɗa. Ke ce kika ciyar da gonar nan tun zamanin mahaifina, ba sunanki a jikin rumbu ko a jikin mota. Ke ce kika san maza irin namu, waɗanda za su faɗi a kan sitiyari kafin su ce ba su da lafiya, kika daina tambayarsu, kika koma tambayar akwatinsu. Kin tsayar da mutum ba tare da kin kunyata shi a gaban abokan aikinsa ba. Uwar masu girbi, mun gode. Ni da Lowell mun gode, Eusebio ya ce in sa sunansa, Kawu kuma zai gode in ya huce.

Ga mai karatu, in kana ciyar da wani, a gida ko a wurin aiki, ka riƙa duban abin da ya rage a kwanon kafin ka wanke. Ba ya ɗaukar lokaci.

An gama girbi kafin dusar ta sauka. Ranar ƙarshe na mai da ita gida, muka wanke akwatunan, muka kife su a kan tawul.

"Kwashe su," ta ce. "Ki ba Lowell ya zuba ƙusoshi. Na leda ba ya buƙatar akwati."

Na jera su a kwandon wankin. Na ɗauki wuƙar yanka nama na naɗe a tawul, na ɗora a kai. Ta bi wuƙar da ido.

"Ita ma ƙusa za a zuba mata?"

"A'a."

Ta daɗe tana kallona. "Botarki ba ta kaiwa baki, Farfesa. Kullum sai kin bar kusurwa a bushe."

"Sai ki zo ki tsaya a kaina."

"Zan zo. Ja mini ƙofar, sanyi na shigowa."

Na ɗauki kwandon, na fita, na ja ƙofar har sai da ta kama. Baɗi ba mai sayen na leda a gonarmu. Ni zan yi, kuma takardar kowa za ta dawo.