Ranar da Kaka Ta Ce An Dawo da Wuta

Umma ta yi shekara uku tana jinyar wata tsohuwa 'yar Koriya a Bedford Park, tasha kaɗan daga gidanmu na Mount Hope idan aka hau jirgin ƙasa na layin D. Kaka take ce mata. Tsohuwar ta haura tamanin, Turancinta ya fara zubewa, na Umma kuwa dama bai taɓa cika ba. A haka suke hirarsu, rabi da baki rabi da hannu.

Ɗan Kaka ya bar wa Umma wata takarda, ya ce duk ranar da ta ga alamar ruɗewa ta rubuta. An riga an rubuta biyu. Idan ta kai uku, zai mayar da ita gidan tsofaffi. Ita kuwa Kaka ta sha nuna ƙofar ɗakinta tana cewa gawarta ce kawai za ta fita ta nan.

Ina aji biyu a kwaleji lokacin, muna hutu. Wata rana da hantsi, tsakiyar Agusta, Umma ta kira ni a waya.

"Ke Malama, ajiye littafin nan ki zo ki rubuta mini ta ukun da Turanci mai kyau. Tun safe take murna wai an dawo da wuta. Yaushe aka ɗauke? Nan Kano ce?"

Da wasa ta faɗa, amma na san ba ta so a kai ga ta ukun.

Na tarar da Kaka zaune a bakin gado, ta sa farar riga mai doguwar ɗamara, ta taje kanta, ga wani ƙyalle a ninke a cinyarta. Tana ganina ta maimaita da Turanci: yau haske ya dawo. Matsalar ita ce, a kunnen wanda ya tashi a garinmu, kalmar nan ta Turanci, light, ma'ana ɗaya gare ta, wato lantarki. Umma ta kunna mata fitila ta kashe, ta buɗe mata firji don ta ga komai na aiki. Kaka sai girgiza kai take yi.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana. Amma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Na miƙa wa Kaka biro da bayan ambulan, na yi mata alama ta rubuta. Ta zana gaɓoɓi uku da rubutunsu, hannunta ko rawa bai yi ba. Na duba a waya, na sake dubawa a wani wurin daban. Gwangbokjeol: ranar dawowar haske. Sha biyar ga Agusta, ranar da mulkin Japan ya ƙare a ƙasarsu a 1945. Na ɗaga kai na kalli kalandar bango. Sha biyar.

"Umma, ba lantarki take nufi ba. Ranar 'yancin kansu ce. Ɗaya ga Oktobarsu."

Umma ta kalli kalandar. Can ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ashe ni ce a ruɗe! Saura kaɗan in ɗauki alhakin baiwar Allah."

Da Kaka ta ga mun gane, sai bakinta ya buɗe. Da guntun Turanci ta ba mu labarin cewa tana ƙarama an canza mata suna a makaranta, an hana su yin yarensu. A ranar, mahaifinta ya farke matashin kai ya ciro tutar da ya ɓoye. Ta faɗa mana sunanta na gaskiya a hankali, sau biyu, ta sa muka maimaita. Umma ta ce ita ma mahaifinta ya ajiye 'yar tutar da aka raba musu a firamare ranar da Turawa suka sauka daga mulki, har rasuwarsa tana cikin akwatinsa. Na fassara wa Kaka. Ta kama hannun Umma ta riƙe.

Ƙyallen nan na cinyarta tuta ce, fara mai da'ira a tsakiya, rabi ja rabi shuɗi. Umma ta hau kujera za ta rataya a taga, ta sa shuɗin a sama. Kaka ta ɗaka mata duka a ƙafa.

"Jan ne a sama, Umma," na ce.

"To ina zan sani? Tamu kore, fari, kore. Duk yadda ka juya ta daidai ce."

Sannan na zauna da takardar ɗan. A layi na uku na rubuta: yau ta san rana, ta san wata, ta san shekara, mu ne ba mu sani ba. Umma ta sa na karanta mata sau biyu kafin ta sa hannu, sannan na ɗauki hoton takardar da na tagar na tura masa.

Kafin la'asar ya kira. Ya ce a ba shi mahaifiyarsa. Sun daɗe suna magana da yarensu, ita tana ta yi masa faɗa, shi yana amsawa ƙasa-ƙasa. Ashe shi ma ya manta da ranar.

A jirgi muna komawa, Umma ta gaya wa wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi labarin tun daga farko, da ƙarfi, tana nuna ni. Na sunkuyar da kai cikin littafina, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Kaka ta ƙara Agusta biyu a ɗakinta. Duka biyun Umma ce ta rataya tutar, jan a sama.