Kwalba Mai Jan Murfi

Ukasha ɗan fari ne, kuma a gidan Malam Bunu ba a wasa da wannan. Gidan yana wani ƙauye kudu da Waca, inda ake noman gero a tudu, rake a fadama, shanu kuma suna bayan kowane gida. Tun ranar suna uban bai taɓa kiran sunan yaron ba. Da aka yaye shi aka miƙa wa kakarsa, daga nan ya zama "ɗan tsohuwa". Ba sa cin abinci a kwano ɗaya, ba sa zama a tabarma ɗaya, idan suka haɗu a hanya kowa sai ya sami abin kallo a wani gefen. Kunyar ɗan fari ce, kuma mutanen ƙauyen suna yabon Malam Bunu da cewa ya riƙe ta yadda magabata suka bar ta.

A bakin fadamar akwai tabkin da ba ya ƙafewa. Can shanu ke sha, can ake wanki, can yara ke iyo. Duk yaron da ya iya iyo yana fitsarin jini. Ana kiran abin tsargiya, ba a lissafa shi cikin cututtuka. Wasu ma na cewa alama ce namiji ya fara zama namiji. Ukasha ya yi tasa a kan kari, ba a yi wa kakarsa gori ba.

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, don mai gari yana neman yaran da zai cika aji, tsohuwa kuma ba ta da shanun da za ta ce zai bi. Ya yi karatu a Magariya, ya yi lise, babbar sakandare, a Damagaram, ya wuce Yamai. Duk sanda karatu ya tsaya sai wani bijimi ya ɓace daga garken Malam Bunu, sai ga Bappa Ƙasimu, ƙanen uban, a ƙofar lakwal da ƙunshi a hannu: "An ce a ba ka." Ba a taɓa faɗin wanda ya ce ba.

Daga Yamai ya sami gurbin karatu a Beljik, can kuma ya tsaya a kan ciwon dajin mafitsara. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai umarnin da ya gada daga iyaye. Wasu daga cikin umarnin aikinsu tsawatarwa ne: idan ƙwaya ta lalace ta fara hayayyafa ba tsari, su ke tsayar da ita. Abin da Ukasha ya shafe shekaru yana bi shi ne yadda masu tsawatarwar ke zama nan daram, ba abin da ya ɓace a cikinsu, amma wani ɗan ƙulli ya hau kansu ya hana su aiki. Ya fi sa ido a kan mafitsarar da tsargiya ta daɗe tana ci, don a irinta ciwon yakan tsiro idan girma ya zo. Burinsa gwajin da zai gano ciwon daga fitsari kaɗan, tun yana warkuwa. Ya tsaya gaban manyan taruka ya yi bayanin fitsari da Faransanci da Ingilishi, ko muryarsa ba ta rawa.

A gida kuwa Bappa Ƙasimu ne ke bin diddigin karatun.

"Doktan fitsari, har yanzu ba ka iya allura ba?"

"Ba aikina ba ne, Bappa."

"Mala mai sayar da magani a kasuwar Magariya aji uku ya yi, yana allura har wa jaki. Kai me kake yi?"

"Ina duba abin da mutum ya gado a jikinsa, da yadda yake lalacewa."

"Wato abin da ke jikin Yaya yana jikina?"

"Da yawa daga ciki, tunda uwarku ɗaya ubanku ɗaya."

Bappa ya gyaɗa kai. A karo na farko karatun ya yi masa ma'ana.

Wata shekara Ukasha ya zo hutu bayan girbi, ya tarar uban ya rame. Malam Bunu, wanda a da yake wuni a tsaye cikin rake, yanzu yana ɗaukar buta ya zaga bayan danga, ya daɗe, ya dawo, kafin ya zauna sosai ya sake ɗaukarta. Wata safiya Ukasha ya bi ta wurin bayan uban ya tashi. Yashin bai gama shanye abin ba. Akwai jini, kuma akwai gudaji.

Tambayoyin da ya kamata a yi ba su da yawa, ya koya wa ɗalibai su: tun yaushe, da zafi ko ba zafi, yana fita ko yana tsayawa. Ya shirya su da Hausa, ya nufi zauren uban, ya tsaya a ƙofa. Malam Bunu ya ga inuwarsa, ya juya ya shiga gyaran igiyar shanu. Ukasha ya gaishe shi, aka amsa wa igiya, ya wuce gidan Bappa.

"Ka tambayar mini shi ko yana ganin jini a fitsarinsa."

"A'uzubillahi. Yayan nawa?"

"Bappa, maganar rai ce."

"Duk wanda ya sha ruwan tabkin nan yana gani. Kai ba ka gani ba? Har rawa kakarka ta yi."

"Wannan dabam ne."

Bappa ya tafi da saƙon da la'asar. Ukasha yana tsaye bayan zana, yana jin komai.

"Yaya, ɗan tsohuwa yana gaisuwa. Ya ce yaya jiki."

"Jiki alhamdu lillahi. An ba shi nono?"

"An ba shi."

Daga nan suka shiga zancen wata karsana da ta ƙi ɗaukar ciki. Ukasha ya saurari zancen karsanar har ƙarshe, bai ɗaga zanar ba.

Washegari ya sake dabara. Ya fito da wata ƙaramar kwalba mai jan murfi, ya ba Bappa, ya ce uban ya cika ta da safe, a kawo masa nan take. Ba tambaya, ba amsa, ba wanda zai haɗa ido da wani. Bappa ya juya kwalbar a hannunsa, ya sa a aljihu. Da hantsi ya kawo ta a cike, naɗe cikin tsumma, yana kallon sama.

Ukasha ya hau motar kasuwa zuwa Damagaram, inda wani abokin karatunsa ke da labo, ɗakin gwaje-gwaje, ya duba da idonsa. Ya ga ƙwan tsargiya, ya ga jini kaɗan, bai ga ƙwaya ko ɗaya mai kama da ciwon daji ba. Ya san irin wannan dubawar ba ta isa ta wanke mutum ba. Shi da kansa ya rubuta haka a wata mujalla, har an yaba masa. Ya kuma lura fitsarin ya fi abin da ya gani a yashi haske. Amma hutu ya ƙare, ana jiransa a labo, kuma sakamakon ya faɗi abin da yake so ya ji. Ya sayi ƙwayoyin maganin tsargiya ya ba Bappa ya kai wa uban, ya ce masa an ce a ba shi. Ya koma Beljik, nauyi ya sauka daga kansa.

Damina ta zo ta wuce. Ana shirin yankan rake Bappa ya kira shi ya ce fitsarin Yaya ya tsaya gaba ɗaya, an kai shi likita a Magariya, an tura su Damagaram. Kafin Ukasha ya iso an ɗauki hoton cikin. Likitar da ta duba, wata mai suna Raliya, ta san sunansa daga karatu, don haka ba ta yi masa dogon bayani ba, ta miƙa masa hoton kawai. Ciwon ya cika mafitsara, ya fita daga cikinta. Da bara ne, in ji ta, da an yi fiɗa.

Ya sami Bappa a ƙarƙashin bishiyar bedi yana cin gyaɗa.

"Bara na duba, babu komai. Ban gane ba."

"Wai kwalbar nan? Ai nawa ne."

"Naka?"

"To ka taɓa jin inda aka ɗauki fitsarin uba aka kai wa ɗansa na fari? Da wane baki zan faɗa wa Yaya? Kai ka ce jininmu ɗaya. Maganin ma raba shi muka yi, ni dai na ji daɗinsa." Ya ɓare wata gyaɗar. "Ko ba ka ce haka ba?"

"Na ce."

"To."

Bappa bai ga laifi a cikin abin da ya yi ba, kuma da labarin ya isa ƙauye ba a sami wanda ya gani ba. An ce Ƙasimu ya kare mutuncin gida, ya kuma taimaki yaro da abin da yake nema.

Aka mai da Malam Bunu gida da roba a jikinsa da jakar da fitsari ke taruwa. Ukasha ya rubuta wa Beljik ya ce zai daɗe. Jakar tana bukatar zubarwa, robar tana bukatar wanki, a duk ƙauyen kuma mutum ɗaya ne ya san yadda ake yi, shi ne kuma wanda bai halatta ya shiga ɗakin ba. Sai aka raba aikin. Bappa yana ciki, Ukasha yana tsaye a waje, bayansa ga ƙofa, yana magana da katanga.

"Ka wanke hannu?"

"Na wanke."

"Da sabulu, Bappa."

"Kai, da me zan wanke, da miya?"

"Wane launi ne yau?"

"Kamar zoɓo."

"Mai duhu ko mai haske?"

"Wanda aka manta a wuta."

Ukasha ya san abin da kowace amsa ke nufi, ya san wadda za ta biyo bayanta. Duk abin da karatun ya iya yi masa a tsakar gidan shi ne ciwon bai taɓa shammatarsa ba. A cikin makonnin ne abokan aikinsa suka aiko masa albishir cewa an karɓi rubutunsu a kan gwajin fitsari, sunansa ne na farko. Ya karanta a salula yana tsaye a ƙofar, ya mai da ita aljihu, ya tambayi Bappa ko ƙafafun sun ƙara kumbura.

Wata rana da azahar, bayan an gama wankin roba, muryar uban ta fito daga ɗaki, ƙasa-ƙasa, amma an ɗaga ta daidai yadda za ta kai waje.

"Ƙasimu."

"Na'am, Yaya."

"Ka ce wa mai tsayuwar nan ya nemi inuwa. Rana ta yi."

Bappa ya leƙo ya isar da saƙon kalma da kalma, bai rage komai ba. Ukasha ya koma gindin rumbu ya zauna. Yana nan zaune, kafin la'asar, ya ji mata sun fara salati.