Yatsu Huɗun da Hamma Ya Rage wa Mashin Ɗinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo ya san mashin ɗin Hamma, ko da bai san Hamman ba. Shi ne wanda bayansa ya durƙusa ƙasa kamar tunkiya mai naƙuda. Fasinja kan hango shi daga nesa ya canja hanya. Ni ma sau ɗaya na hau, daga Bagudo zuwa Tsamiya, da na sauka sai da na sa harshe na duba ko haƙorana sun iso tare da ni.

Sunansa na yanka Haliru, amma ko a katin zaɓe ne aka rubuta haka ban tabbata zai amsa ba. Bafulatani ne dogo, siriri, marar magana. Shekara ashirin yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Bagudo, Kaoje da bakin iyakar Binin, bai taɓa kayar da kowa ba, bai kuma taɓa ba kowa labarin da ya wuce jimla biyu ba. Mukan zauna tare a rumfar Ɗanmusa bakanike, ni ina surutu, Ɗanmusa yana zagin ƙarfe, Hamma yana kallon hanya.

Hamma ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa, Inna Sailuba, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda magabata suka riƙe ta. Daga yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa Lafagu. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya shigo rugarsu da ke bayan Kaoje, sai ta juya ta hau gyaran ƙoren da ta riga ta gyara. In tana da saƙo gare shi, ƙanwarsa Zubaida take faɗa wa, ko da yana tsaye kusa da ita har inuwarsu ta haɗu. Shi kuma ya saba. Na taɓa ce masa, "Kai da tsohuwarka kamar Najeriya da Binin ne, kuna ganin juna amma sai da ɗan tsakani." Ya yi murmushi, ya ce, "Haka muka taras."

Bara waccan, bayan ruwa ya janye daga fadama, Inna ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya taɓu. Aka ce sai ta riƙa zuwa asibiti a Bagudo duk Talata. Da farko Manu ne mai kai ta, autanta, wanda take zagi ta kuma ci abinci da shi a ƙwarya ɗaya. Shi kan sunkuce ta ya ɗora a mashin kamar jaririya. To, Manu ya bi shanu ya tsallaka Binin. Aiki ya faɗo kan Hamma.

Talatar farko da Hamma ya je ɗaukarta, Inna ta fito da sandarta ta tsaya gefen mashin. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Hamma ya miƙa hannu zai tallafe ta, ta ja da baya kamar ya miƙo mata garwashi. Sai da Zubaida ta mirgino turmi Inna ta taka ta hau. A ƙofar asibiti kuwa ba turmi. Wasu mata biyu ne da ba su san ta ba suka ciccibe ta, Hamma yana riƙe da kan mashin yana kallon ƙasa.

Washegari ya shigo rumfar Ɗanmusa ya ɗaga yatsu huɗu.

"Rage min bayan wanga mashin kamar haka."

Ɗanmusa ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai da ƙafafunka ke jan ƙasa? Mi za ka yi da gajeren mashin, ko aure za ka yi a garin wadanni?"

"Tsohuwa ba ta iya hawa."

Ɗanmusa ya daina dariya. Ya dafa shokozoba, wato ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke riƙe da tayar baya, ya danna kujera ta nutsa ta dawo. Ya ce, "Ka ga wanga nutsawa? Ita ce ke haɗiye rami. In na sa maka gajeru, hanyar da sifirin zai bi ta ƙare tun bai fara ba. Ramin da ya saba haɗiyewa sai ya miƙa wa na baya kai tsaye. Kai kana tsakiya, kaɗan za ka ji. Na baya ne ke zaune bisa kan shokozoban."

"Sannu zan riƙa tahiya."

"Hanyar Kaoje ba ta san sannu ba, Hamma."

"Ka sa dai."

Ɗanmusa ya zaro gajeru masu tauri daga wani ƙaramin mashin da ya mutu a bayan rumfa, ya ɗaura. Har jingina sai da ya yanke, don in an kafe mashin ɗin sai ya tsaya ƙyam yana neman faɗuwa ɗaya gefen. Hamma ya zuba dogayen nasa a buhu ya tafi da su.

Talata ta biyu Inna ta hau da kanta. Ba turmi, ba hannun kowa. Ranar Hamma ya yi jimla uku a jere, har na tambaye shi ko zazzaɓi yake ji. Ya ce da suka sauka daga gadar Tuga suka faɗa ramin farko, sai ya ji hannu ya damƙi kafaɗarsa ta hagu. Ya ce bai waiwaya ba, don kada hannun ya ji kunya ya koma.

Fasinjoji suka fara gudunsa. Wani ɗan kasuwar albasa ya rantse cewa daga Lolo zuwa Bagudo hanjinsa ya canja wurin zama. In an yi nauyi, taya kan goga madigadi ta yi ƙara kamar ana yankan akuya. Mu muka sa wa Hamma suna Mai Daka. Shi ko a jikinsa. Cewa yake, "Ku ne da ƙiba. Tsohuwa ba ta da nauyi, ba ta jin komi." Ɗanmusa ya buɗe baki zai ce sifirin mai tauri ya fi wurgi da marar nauyi, ya dubi fuskar Hamma, ya mayar da maganar cikinsa. Har yau yana cewa da ya faɗa.

Ba wai Hamma bai tambaya ba. Duk dawowa yakan ce, "Zubaida, tambayi tsohuwa ko hanya ta dame ta." Inna kuma, tana kallon garken maruƙa, ta ce, "A gaya wa mai mashin lahiya lau." Wata biyar suna haka. Har wani malamin makaranta mai mota ya ce zai riƙa rage mata hanya, tunda shi ma Talata yake shiga gari, ta aika a yi masa godiya, ta ce warin mota na sa ta amai.

Ana tsakiyar yankan shinkafa Allah ya yi mata rasuwa. Ba ƙugun ba ne, zazzaɓi ne na kwana uku.

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu Hamma ya shigo rumfa da buhun nan a kafaɗa. Ya zazzage dogayen shokozoba gaban Ɗanmusa, ya ce a mayar. Ɗanmusa ya ɗauki sifana ya tsuguna. Ni kuma, da bakina da ba ya iya zama, na ce, "Ka dai yi ƙoƙari, Hamma. Ko ba komi ta ji daɗin hawa."

Ya ce, "Haka na faɗa wa Zubaida jiya."

Ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya ce yana faɗa Zubaida ta fashe da kuka, ta ce, "Hamma, wane daɗi? Duk ranar da kuka dawo, ruwan zahi nika dafawa in gasa mata baya har Alhamis. Bakin zanenta take cizo don kada ka ji daga waje." Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa. Ta ce ta so, tun a wata na farko. Ta ce wa Inna za ta sa a mayar da mashin yadda yake, su riƙa ɗaure ɗan kututture a baya tana takawa. Inna ta kama wuyan hannunta ta ce, "Kul. Shekara arba'in da biyu ban taɓa yaron nan ba. In aka gyara ya daina jijjiga, da wace hujja zan riƙe shi?"

Ɗanmusa ya riga ya kwance noti ɗaya. Ya tsaya da shi a hannu.

Hamma ya daɗe yana kallon kujerar baya. Sannan ya ce, "Ɗanmusa, mai da notin."

"Hamma, ba mai hawa wanga abu."

"Na sani. Mai da shi."

Dogayen shokozoban suna nan rataye a ƙusa cikin rumfar Ɗanmusa, sun yi tsatsa. Hamma ya bar ɗaukar mutane, ko in ce mutane sun bar shi. Buhunan shinkafa yake ɗaukowa daga Kaoje, rabin abin da sauran ke ɗaurawa, don taya kada ta goga. Har yanzu akwai masu kiransa Mai Daka, yana kuma amsawa.

Kwanaki na biyo bayansa a kan wani mashin, muka sauka daga gadar Tuga tare. An cike ramin farkon nan da jar ƙasa, ruwa ya sake haƙe shi. Kowa yana kauce masa ta dama. Hamma ya rage wuta, ya saita tayarsa, ya bi ta tsakiyarsa.